Taswirar Injiniya Tanimu

Wani mutum ne a tasharmu, Tanimu sunansa, amma in ka kira shi Tanimu ba zai waiwayo ba. Sai ka ce Injiniya. Ba wanda ya san makarantar da ta ba shi wannan suna. Ni dai da nake tuƙa tuwo a tashar nan tun yana yawo ba wando, abin da na sani shi ne yana da 'yar rumfa kusa da tawa, yana cajin waya, yana manna mata gilashi, yana tura wa direbobi waƙoƙi. Iyakar injiniyancin ke nan. Amma baki! In ya gyara zama ya fara ba da labari, sai ka rantse shi ya hau sama ya rataya tauraron ɗan'adam da hannunsa, ya sauko ya karkaɗe riga.

Ni ban taɓa kiransa Injiniya ba. Tanimu uwarsa ke kiransa, Tanimu nake kiransa. Ba na son ƙarya ko a suna.

To akwai wani yaron kirki, Jafaru, ɗan shugaban tasha. Shi ya yi karatun na gaskiya. Shekarun baya ya ƙera wa direbobinmu wata manhaja a waya, ya sa mata suna Ga Hanya. In an ɗauki direba shata zuwa wani ƙauye, sai ya rubuta sunan ƙauyen, taswira ta fito, wani ɗigo shuɗi ya riƙa tafiya yadda motar ke tafiya har a isa. Da farko tsofaffin direbobi sun ƙi ta. Daga baya kowa ya kama. Har ta kai yaran yanzu ko garin kakarsu ba sa iya zuwa sai sun duba waya. Ni wannan bai taɓa burge ni ba, amma ba a tambaye ni ba.

Ana nan sai Jafaru ya samu aiki a Fatakwal. Ana gobe zai tafi, suka zauna a rumfata shi da mahaifinsa suna cin tuwo, yana yi masa bayani rabi Hausa rabi Turanci. Tanimu na gefe ya kasa kunne, ba wanda ya gayyace shi.

Na ce, "Kai Jafaru, in za ka yi magana a rumfata, yi ta yadda zan ji."

Ya yi dariya. "To Iya. Manhajar nan tawa guga ce. Taswirar kuwa rijiyar wasu ce, wani kamfani can ƙasar waje, a wurinsu muke ɗiba. Yanzu sun aiko da sanarwa, sun haƙa sabuwar rijiya, za su rufe tsohuwar. Sun ba da wa'adi mai tsawo, ba su yi zalunci ba. Abin da ake so, a sake igiya, a gyara gugar ta dace da bakin sabuwar."

"In ba a gyara ba fa?"

"Ranar da suka rufe, za a zura guga ta fito ƙayau."

Na gane sarai. Ya ce aikin ba na rana ɗaya ba ne, manhajar ta tsufa, sai an kwance abubuwa da yawa. In ya natsu a can zai yi, ko kuma a nemi wani a birni.

Wuf, Tanimu ya miƙe.

"A birni? Ina raye? Haba Shugaba, kada a ci mini fuska. Wannan ai aikin da nake yi ne tsakanin la'asar da magariba, ina shan shayi."

Jafaru ya ce, "Injiniya, ka taɓa yin irinsa?"

"Irinsa? Na yi uwarsa! Kai dai tafi ka ci kifinka."

Shugaba mutum ne mai son a yi abu a gida. Ya sa aka miƙa wa Tanimu tsohuwar kwamfutar Jafaru da duk lambobin sirrin. Ni kuwa na san abu ɗaya tak Jafaru ya taɓa koya masa: yadda ake sauya hoton da ke fitowa in an buɗe manhajar, don a sa Barka da Sallah. Na buɗe baki zan yi magana, Shugaba ya ce in ƙara masa miya. Na ƙara masa.

Watanni suka yi ta shuɗewa. Kwamfutar tana kan teburinsa a buɗe, don mai wucewa ya gani. Ni da ke kusa na san wasan ƙwallo yake kallo. In Jafaru ya bugo ya ce an gama, sai ya ce, "Tuni! Har na manta." In direbobi suka tambaya, sai ya kishingiɗa.

"Ku kwantar da hankalinku. Jiya ma Baturen kamfanin taswirar da kansa ya kira ni. Ya ce Injiniya, ba za mu rufe ba sai ka ce a rufe. Na ce masa ya dakata tukuna, ina da aiki."

Na ce, "Da wane yare kuka yi maganar?"

"Gwaggo, ai ni nake koya masa Hausa."

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Wata safiya direbobi suka buɗe waya, ɗif! Ba hanya, ba gari, ba ɗigo. Sai wani toka-toka mai gida-gida kamar tsohuwar tabarma. Kafin in sauke tukunyar farko sun cika rumfarsa.

"Injiniya, taswira ta mutu!"

"Ba mutuwa ta yi ba. Sabis ne."

"Ga sabis nan cike."

"To hadari ne ya rufe tauraron."

Aka ɗaga kai. Sama tas, ko gajimare babu.

"Hadarin can sama ne, ba irin wanda kuke gani ba."

Ya karɓi wayar wani ya kashe ya kunna. Ya cire batir ya hura masa iska. Ya goge fuskar da bakin riga. Tabarma dai tana nan. Daga nan ya ja ƙofar rumfa ya ɓace. Sai bayan kwana biyu ya dawo, da sabon tabarau wanda ba na magani ba, yana tafiya kamar ango.

"Kowa ya buɗe wayarsa. Sabon samfuri ya sauka!"

Aka buɗe. Lallai ga taswira. Har ta fi ta da kyau, ga rawaya, ga kore, ga ɗigo shuɗi ƙato a tsakiya. Aka yi ta tafi. Sai da direbobi suka hau hanya suka ga ɗigon ba ya motsi. Ka je Gabas, yana nan. Ka je Yamma, yana nan.

Tanimu ya ce, "Haka sabon yayi yake. Ɗigon ya daina wahala. Sai an ba ku horo, kuma ban samu lokaci ba."

Waɗanda suka san hanya suka koma bin kansu. Waɗanda ba su sani ba suka koma tambayar mutane a ɓoye. Ba wanda ya kai wa Shugaba ƙara, don kowa na tsoron a ce shi ne baƙauyen da bai iya sabon samfuri ba. Haka ƙarya ta yi ta ƙiba a tasha.

Sai ga saƙon rasuwa ya zo mini. Malam Nomau, mijin ƙawata Yalwa. Bara suka tashi daga garinmu suka koma wurin ɗansu, wani ƙauye Tsaunin Gawo, ban taɓa taka shi ba. Saƙon bai same ni ba sai da aka kwana biyu da binnewa. Washegari sadakar uku.

Duk wanda ya san ni ya san dokata. Jana'iza kan wuce mutum, don mutuwa ba ta sallama. Amma wanda aka shafa fatihar uku ba ya wurin, ba shi da abin faɗa. Na yanke gaisuwa da mutane a kan wannan, kuma ban yi nadama ba. Yalwa kuwa, ranar ukun nawa mijin, cikin ruwan sama ta zo a ƙasa, zane jiƙe, ta zauna kusa da ni kafin liman ya ɗaga hannu. In aka shafa ta Malam Nomau ba ni a wurin, da wane ido zan dube ta? Da wane baki kuma zan ƙara yi wa wani faɗa?

Matan tasha suka ce za su raka ni. Muka ɗauki shatar bas ɗin Ilu, yaro ne mai hankali a tuƙi. Da sassafe muka cika ta maƙil, Kulu mai fura tana gefena, kujerar gaba kaɗai ta rage.

Ilu ya sosa ƙeya. "Iya, gaskiya ban san Tsaunin Gawo ba. Wayar kuma..."

Sai ga Tanimu ya fito yana buɗe rumfa.

"Wayar me? Tsaunin Gawo? Kawo nan." Ya karɓa ya kalla ta saman tabarau. "Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Har rufin gidajen ina gani. Matsalarku rashin ilimi."

Na ce, "Kana ganinsa?"

"Kamar tafin hannuna, Gwaggo."

"To shiga."

"Na'am?"

"Shiga gaba ka karanta masa."

"Ai Gwaggo, wayoyin mutane na kan caji, kuma Baturen zai..."

"Tanimu. Shiga."

Direbobi sun taru suna kallo. Ya duba dama, ya duba hagu, ba mafita. Ya gyara hula ya shiga, har da cewa dama yana so ya gwada sabon samfurin a daji.

Muddin muna kan kwalta lafiya lau, don Ilu ya san yankin. Tanimu ya riƙe wayar dab da hancinsa, ya karkata ta yadda ba mai leƙawa. Can ya ce, "Miƙe." Hanya ɗaya ce dama. Can kuma, "Ci gaba da miƙewa." Muka ci gaba.

Kwalta ta ƙare. Muka faɗa burji, muka iso wata mararraba. Ga wani dattijo nan da jakinsa a gindin bishiya.

Kulu ta ce, "Ilu, tsaya mu tambayi bawan Allah nan. Matambayi ba ya ɓata."

Tanimu ya juyo kamar an mare shi. "Tambaya? A motar da nake ciki? Kulu, wannan karin magana an yi shi ne kafin a ƙirƙiro tauraro. Mai jaki zai nuna wa Injiniya hanya? Ilu, hagu!"

Muka yi hagu. Mai jaki ya bi mu da kallo.

Tafiya muke, ƙiƙi-ƙaƙa, mota na tsalle, ƙwaryar Kulu na ƙara. Ba gida ba mutum, sai sabara da geza. Can sai Tanimu ya yi ihu:

"Tsaya! Tsaya!"

Ƙiii! Goshina ya bugi kujera.

"Lafiya?"

"Dam ne a gabanmu. Ƙato. Ga shi nan ya kwanta dogo, har da rassa huɗu. Sai mun kewaye."

Ilu ya leƙa ta gilashi. "Injiniya, ni fa gona nake gani."

"Kai gona kake gani, ni daga sama nake gani."

Na ce, "Kai Tanimu, in da ruwa kusa, da an ga kore. Da an ga balbela. Ko sanyi ba na ji."

"Sabon dam ne, Gwaggo. Hukuma ma ba ta sanar ba tukuna. Taswirata ta riga kowa gani."

Muka bar hanya mai kyau muka faɗa turbar shanu don mu kewaye dam. Ƙaya na kartar mota, ƙeee. Rana kuwa ba ta jiran kowa. Ina kallonta tana hawa. Addu'ar uku da hantsi ake yi, in an shafa kowa ya watse.

Muka wuce wata kuka mai rami a ciki. Muka yi tafiya, muka yi kwana, muka ƙara kwana. Sai ga kuka mai rami a ciki.

Kulu ta ce, "La ilaha! Wannan ai mun wuce ta."

"Ba ita ba ce. 'Yar'uwarta ce."

"Har ramin?"

"Gado ne. Dama, Ilu!"

Gumi ya fara tsattsafo masa ta ƙarƙashin hula. Na gani. Na ce, "Tanimu, ka ji tsoron Allah. In ba ka sani ba, ka faɗa yanzu tun da sauran lokaci."

"Gwaggo, in ban kai ki ba, ki canza mini suna."

"Ai ban taɓa karɓar wanda ka sa wa kanka ba."

Daga nan na kama carbi. In mutum ya fara rantsuwa, magana ta ƙare.

Sai kuwa Allah ya kawo mu wani gari. Daga nesa muka hango rumfa an kafa a ƙofar wani gida, ga fararen kujerun roba, ga maza zaune a tabarmi, ga babura a jere. Tanimu ya kusa fita ta taga.

"Me na ce muku? Me na ce? Ga rumfar makoki nan! Ilu, da ka bi mai jaki da yanzu kuna Nijar. Taswira ba ta ƙarya!"

Ilu ya girgiza kai. "Kai, Injiniya, na sara maka."

Ni kaina na ji sanyi a raina, don mutane ba su watse ba. Ban tsaya tambaya ba. Muka sauko, kowa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, muka sunkuyar da kai, muka bi ta gefen maza muka shige zaure muna salati ƙasa-ƙasa. Kulu har ta fara jan hanci, ita da ba ta taɓa ganin Malam Nomau ba.

Ina sa ƙafa a tsakar gida hancina ya gaya mini magana. Ƙamshin yaji. Kunun kanwa. Ga fatar rago an shanya, jininta bai bushe ba. Ga mata sun sha lalle da gwaggwaro. Kafin in gama haɗa lissafi, wata ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa: ayyururui!

Kulu ta buɗe baki za ta ce ya haƙuri. Na damƙe mata cinya sai da ta haɗiye.

Wata dattijuwa ta taro mu da fara'a. "Maraba, maraba! Dangin uba ne ko na uwa?"

Na ce, "Baiwar Allah, ba ko ɗaya. Hanya ce ta jefo mu. Barka da arziki, Allah ya raya." Na juya ga matan tasha. "Ku buɗe fuskokinku. Suna ake yi."

Sai na tuna da Tanimu.

Na fito da sauri iyakar yadda gwiwa ta bari. Ina! Aikin gama ya gama. Yana tsakiyar maza, ya durƙusa gaban maigidan, ya cire tabarau yana goge ido. Maigidan, wani ƙaƙƙarfa cikin sabuwar shadda, ya zuba masa ido sororo. Na tsaya a bakin zaure, don mace ba ta kutsa taron maza, na yi ta yi masa alama da hannu. Ya gan ni. Ya ɗauka jinjina nake yi masa, sai ya ƙara murya.

"Wallahi Alhaji, da na ji labari kasa cin abinci na yi. Wanda aka taru dominsa yau, ku ɗan'uwanku ne, ni aminina ne. Shekara ashirin muna tare! Ni na koya masa danna waya."

Wani tsoho ya ce, "Wa?"

"Shi mana. Ko makon jiya sai da ya kira ni. Ya ce Injiniya, duk ƙasar nan ba ni da kamarka. Ashe sallama yake yi mini." Ya ja hanci. "Mutum mai haƙuri. Mai kawaici. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya ɗaga murya ba."

Daidai nan, daga bayan rumfa inda wanzami ke aski, aka tsandara: inyaaa! inyaaa!

Maigida ya ce a hankali, "Malam, wa kake nufi?"

"Marigayi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Maza suka dubi juna.

Sai wanzami ya taso da jariri a hannu, kai rabi a aske, yana ta wutsil-wutsil. Ya tsaya a kan Tanimu.

"Ga amininka nan. Yau kwanansa bakwai a duniya." Ya ɗan ɗaga shi. "Makon jiyan da ya kira ka, daga ciki ya bugo?"

Wuri ya kece. Wasu dariya har da faɗuwa daga kujera, wasu salati. Amma maigida bai yi dariya ba. Ɗansa na fari ne, ga wani baƙo ya zo ranar suna yana yi masa fatan kabari. Ya miƙe. Wani ƙanensa ya sunkuya ya cire takalmi.

A nan na ajiye kunya na fito. Na durƙusa daga nesa na ce, "Alhaji, ku dubi furfurata. Ba mugunta ba ce, wauta ce. Gidan rasuwa muka nufa, wannan ya ɓatar da mu. Yaro kuwa Allah ya raya shi, ya ga jikokin jikokinsa, bakin wawa ba ya kama shi."

Aka ce amin. Mai takalmi ya mayar da shi ƙafa, amma bai zauna ba.

Tanimu ya fara, "A gaskiya laifin tauraron ne, don in aka samu..."

"Ba ni wayar."

"Gwaggo, ba za ki gane ba, sai wanda..."

Na fizge. Ban yi boko mai nisa ba, amma Allah bai hana ni ido ba. Na nesanta ta da fuskata, na ƙura. Ga rawaya, ga kore, ga ɗigo. Ga kuma wani abu dogo kwance a gefe.

"Wannan ne dam ɗin?"

"Shi ne."

"Dam mai jan kai?"

Ya kau da kai.

"Dam mai wutsiya? Tanimu, wannan ƙadangare ne."

Ilu ya karɓa ya buɗa hoton da yatsu biyu. Ya dafe kai. "Inna lillahi! Iya, ƙadangare ne wallahi, har idonsa ga shi. Kai, tsaya. Wannan ai bangon firamaren bayan tasha ne! Taswirar jiha da aka zana wa yara da fenti. Ga ma inda siminti ya ɓare!"

Wayar ta shiga zagaya rumfa hannu zuwa hannu. Kowa ya gani sai ya riƙe ciki.

Na ce, "Ɗigon fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Bular wanki ce. Na dangwala a bangon kafin in ɗauka."

"Ka sa a inda ake sa Barka da Sallah."

"Eh."

"Rijiyar da Jafaru ya ce a koma fa?"

"Ban san inda take ba, Gwaggo."

Ilu ya ce, "Wato duk ƙayar da ta karce mini mota, ƙadangare muke kewayewa?"

Aka sake fashewa. Ni ban yi dariya ba. Na ɗaga kai na dubi rana, hantsi ya riga ya dubi ludayi. Na ga Yalwa zaune a tabarma, ana shafa fatiha, tana duban ƙofa.

Na ce, "Jama'a, don Allah ina ne Tsaunin Gawo? Ko an watse, in je in karɓi kunyata."

Wani dattijo mai farin rawani, wanda tun ɗazu yake zaune a kan buzu, ya ɗago.

"Gidan Malam Nomau za ku?"

"Can ne, Allah gafarta Malam. Matarsa ƙawata ce."

"Bayan tudun can ne, ba nisa. Kuma ba a fara ba."

"Malam, da wannan ranar?"

"Ba a fara ba, Hajiya. Ni ake jira." Ya nuna wani babur da aka kwantar, tayar baya a waje. "Ni ne limaminsu. Na zo na raɗa suna a nan da asuba, abin hawan ya yi faci, mai gyara kuma ya tafi kasuwa. Tun ɗazu nake roƙon Allah ya kawo mota."

Ban san sanda na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba. Wanda ya shiga mota ɗaya da liman ai ba ya makara addu'a.

Muka ɗunguma wurin bas. Matan gidan suna suka biyo mu da waina da soyayyen nama a leda, wai ba a zuwa gidansu a fita hannu sake. Mata suka shiga, kowa ta koma mazauninta. Baya maƙil. Liman ya tsaya da buzunsa a hannu. Malami dai ba zai cusa kansa cikin mata ba. Kujerar gaba kuwa ɗaya ce, kuma Tanimu ya riga ya lallaɓa ya zauna a kai, ya ja ƙofa, ya yi kamar yana barci.

Na ce, "Tanimu."

"Na'am, Gwaggo."

"Sauko."

"Ai za mu iya matsawa, ni ba ni da jiki..."

"Za ka matse liman? Sauko."

Ya dubi Ilu. Ilu ya dubi sitiyari. Ya sauko. Liman ya yi bismilla ya hau, ya nuna hanya da carbinsa. Ilu ya tayar da mota.

Tanimu ya waiwaya. Ga maigida tsaye, hannu a ƙugu. Ga mai takalmi. Ga wanzami yana wasa aska a tafin hannu yana murmushi. Sai ya biyo motar da gudu, yana dukan gefenta, hula a hannu.

"Gwaggo! Gwaggo, don girman Allah! Ban san garin nan ba! Ta ina zan koma gida?"

Na zuge gilashi, na ɗaga masa wayar Ilu.

"Ga taswirarka. Ka miƙe sosai. In ka iso wurin ƙadangaren, sai ka yi hagu."